Don Allah yaya za a ce "nonprofit" da Hausa?

Mai_Fassara: Salam 'yan uwa, ku taimaka min. Gobe ƙarfe tara za mu naɗi shiri a rediyo kan Goodwill ta Amurka, ƙungiyar nan da wani fasto Edgar Helms ya kafa a Boston a 1902, mutane na ba ta tsofaffin kaya tana sayarwa a shagunanta kamar gwanjo, da kuɗin take koya wa mutane sana'a ta kuma nema musu aiki. Kalmar nonprofit ce ta tsaya min a wuya, sai underserved communities.

Bazazzage: Ƙungiya mai zaman kanta mana, ai haka ake faɗa a labarai kullum.

Mai_Fassara: Makarantar kuɗi ma ai mai zaman kanta ce, kuma riba take nema ido rufe.

Bakatsiniya: Ko me za ki sa dai kar ki ce ƙungiyar sa kai, a nan da an ce 'yan sa kai bindiga mutum zai tuna. Kuma ma ina sa kan, ai albashi suke ɗauka har shi shugaban.

Malamin_Hausa: Ƙi-riba. Ƙungiyar ƙi-riba, jam'i ƙungiyoyin ƙi-riba. Ginin kalmar Hausa ne tsantsa irin ƙi-faɗi da ƙi-gudu, na daɗe ina amfani da ita a aji.

Akanta: Allah gafarta Malam ba ƙin riba suke ba fa. Shagunan nan suna cin riba sosai, abin da aka hana shi ne a raba ta tsakanin masu ƙungiyar, dole a mayar da ita cikin aikin horon. Nan gida ma haka ne idan ka yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, da kwamitin amintattu, su ke naɗa babban darakta su sa masa ido, ba mai hannun jari da zai zo karɓar rabonsa ƙarshen shekara.

Malamin_Hausa: Kai da ka ce darakta da rajista a layi ɗaya kai za ka gyara min Hausa? Jagora ake cewa.

Akanta: To Malam ita riban ba daga Larabci muka aro ta ba?

Badamagare: Mu a nan Nijar ONG (wato NGO da Faransanci) muke cewa har tsohuwa a ƙauye ta gane, ku ne kullum kuke ji kamar in ba Kano ta sa hannu ba kalma ba ta zama Hausa ba, alhali rabin maganarku Turanci ce.

Bazazzage: Ku kuma ONG ɗin Hausar Damagaram ce ko? Kuma ni ba Bakano ba ne.

Badamagare: Duk ɗaya kuke.

Mai_Fassara: Jama'a gobe ne fa! Ɗaya kalmar ko wanda ya taɓa ta babu. In sa marasa galihu?

Bakatsiniya: Yaya ni ban so ta ba. Marasa galihu kamar su mutanen ne da nakasu, alhali maganar ita ce ba a kai musu makaranta da asibiti da wurin koyon sana'a yadda aka kai wa wasu ba, laifin na masu kaiwa ne. Ki ce unguwannin da aka bari a baya.

Malamin_Hausa: Wannan bayani ne ba kalma ba. Haka za mu ƙare muna jera jimla inda wasu ke da kalma ɗaya.

Mai_Fassara: Na ɗauki na Bakatsiniya. Ɗayar kuma zan ce ƙungiyar taimako da ba a raba ribarta a farkon shiri, daga nan in riƙa cewa ƙungiyar kawai. Malam a yi haƙuri, in na ce ƙi-riba furodusa zai tsayar da ni.

Malamin_Hausa: Ba komai, ki yi na gobe da shi. Amma aƙalla ki ce jagora.

Mai_Fassara: Babban darakta na riga na rubuta, Malam.