Mai aiki biyu a Ingila: wa zai biya ta kuɗin hutun haihuwa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Tambaya ce saboda ƙanwata mai juna biyu, an ba ta 15 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar haihuwa. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kusan fam 300 a mako, shekara biyu ke nan. Da yamma kuma tana sharar ofis, fam 110 a mako, tun bara. Duk wata ake biyanta a wuraren biyu. Haɗa albashin ake yi, ko wuri ɗaya ne zai biya? Kuma bizarta ta hana ta taɓa kuɗin tallafin gwamnati, shi ne hankalinta bai kwanta ba.

Akawun Albashi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba a haɗawa. Kuɗin da doka ta ɗora wa mai ba da aiki, wato SMP, kowane wuri da lissafinsa. In ta cika sharaɗi a duka biyun, kowanne sai ya biya.

Da farko a nemo makon tantancewa. A ɗauki Lahadin makon haihuwa, 12 ga Oktoba, a ƙirga mako 15 baya. Ya faɗo 29 ga Yuni zuwa 5 ga Yuli. Sharaɗi biyu ne: ta yi mako 26 a jere a wurin har cikin wannan makon, kuma matsakaicin albashinta kafin a cire haraji ya kai fam 125 a mako. Adadin shekarar haraji ta 2025/26 ne, duk Afrilu ake sake duba shi.

Gidan tsofaffi ba matsala: mako 6 na farko kashi 90 cikin 100, wato fam 270, sai mako 33 a kan fam 187.18 (adadin 2025/26, shi ma a Afrilu ake sake duba shi).

Aikin sharar ne abin dubawa, fam 15 kacal ya rage mata. Ba albashin shekara ake dubawa ba, biya biyu na ƙarshe ne kafin makon tantancewa ya ƙare. In ƙarshen wata ake biyanta, na Mayu da na Yuni ke nan. Ana haɗa su a raba biyu, a ninka sau 12, a raba da 52. Kenan tana bukatar kusan fam 542 a wata. In jiki ya yarda ta karɓi ƙarin awanni har ta kai wannan adadin, za ta samu aƙalla fam 112.50 duk mako har mako 39. Amma ranar da kuɗin ya shigo ake dubawa, ba ranar da aka yi aikin ba. Ƙarin awannin ƙarshen Yuni da sai Yuli za a biya ba su da amfani a nan. Hutun da ba albashi a watannin nan kuma ƙasa yake jan lissafin.

Inna Ungozoma:
Allah ya raba lafiya. Takardar MATB1, wato shaidar juna biyu da ake kai wa mai ba da aiki, mu ko likita ke bayarwa, kuma ba a rubuta ta sai ciki ya kai mako 20. Guda ɗaya ce, don haka ta kai wa wuri na farko su yi kwafi su maido mata, sannan ta kai wa na biyu. Ta sanar da kowannensu a rubuce kafin 5 ga Yuli ya wuce, kada ta tsaya ga faɗa wa shugabar aiki da baki a tsakiyar aiki. Ba dole ta fara hutun rana ɗaya ba. Tana iya ajiye ɗaga tsofaffi tun saura mako 11, ta ci gaba da ɗayan.

Yaya Babba:
Ƙanwata, batun biza ta kwantar da hankali. SMP ba ya cikin kuɗin da aka hana masu irin bizarta, haka ma Maternity Allowance, wato alawus ɗin haihuwa da gwamnati ke biya.

Sai dai mutane na yawan ruɗewa a kan wannan alawus ɗin. Shi ne ake haɗa masa albashin wurare daban-daban: aikin mako 26 cikin mako 66 kafin haihuwa, da aƙalla fam 30 a mako cikin mako 13. Amma na wadda ba ta samu SMP ko'ina ba ne. Tunda gidan tsofaffi zai biya ta, ba za ta nemi alawus a madadin aikin shara ba, ko da sun ba ta takardar SMP1 mai bayanin dalilin ƙin biya.

Maman Biyu:
Na gode Yaya. To in sharar ba su biya ba, tana iya koma musu da wuri?

Akawun Albashi:
Tana iya, bayan mako biyun farko da doka ta hana aiki. Tunda tana wurinsu a makon tantancewa, komawarta ba ta taɓa kuɗin gidan tsofaffi. Abin da ke yanke shi shi ne ta kama aiki a sabon wuri bayan haihuwa, daga wannan makon an daina biya. A gidan tsofaffin kuma kwana 10 kawai aka yarda ta leƙa aiki cikin hutu, kuma ko awa biyu ta yi, kwana guda aka ƙirga. In wani ya ƙi biya alhali ta cancanta, hukumar haraji ta HMRC ke raba gardamar, don haka ta adana takardun albashin Mayu da Yuni.