Muhawara: Ɗakin Ƙungiya, Lesin Za a Yi a Ciki ko Zane da Wasan Kwaikwayo?

Shugaban ƙungiya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa maza da mata, kun san cewa ɗakin da muka yi karo-karo muka gina a bayan masallacin layinmu a nan Rigasa, Kaduna, an gama yi masa rufi da daɓe, saura a yanke abin da za a riƙa yi a cikinsa. Matasanmu sun kawo takarda suna neman a ba su shi sau 2 a mako domin su koya wa yara zane, wasan kwaikwayo, tatsuniya da rubuta waƙa. A zaman da ya gabata Alhaji Ma'aji ya ce wannan ɓarnar kuɗi da lokaci ce muddin yaranmu ba su iya karatu ba, kuma magariba ta yi kafin a ba shi amsa. Shi ya sa na kawo maganar nan, kowa ya faɗi hujjarsa cikin natsuwa. Alhaji, bismillah.

Ma'aji:
Wa alaikumus salam. Na gode, Shugaba. Ina nan a kan bakana, kuma ba don ina ƙin yaran nan da suka kawo takarda ba, domin 'ya'yana ne kuma na san niyyarsu mai kyau ce. Abin da nake dubawa shi ne halin da muke ciki. A 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji 4, kuma 21,780 daga cikinsu ba su kai makin da aka yanke ba. Ko mutum ya yarda da yadda aka yi jarrabawar ko bai yarda ba, ta nuna cewa yaran da suka bi ta waɗannan azuzuwa an bar su da giɓi babba. Ni da kaina na miƙa wa jikana, ɗan aji 5, takardar kuɗin wuta na ce ya karanta mini sunan da ke kai, ya riƙe ta yana jujjuyawa har na karɓe abata.

Na yi shekaru ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma na ga abin da ya sami mutane lokacin da injuna suka tsaya. Wanda ya iya karatu da lissafi, ko yake da sana'ar hannu, ya samu inda ya raɓa. Wanda ba shi da ko ɗaya, har yau iyalinsa suna ɗanɗana kuɗarsu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗaki ɗaya gare mu, kuɗin da ke hannuna kuwa na gumin talakawa ne, saboda haka ra'ayina a sa benci da allo, a ɗauko malamin da zai yi wa yara lesin na karatu da lissafi, waɗanda suka tasa kuma a kai su kasuwar Panteka su koyi walda ko kafinta.

Malamar firamare:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa game da rashin iya karatu gaskiya ne, kuma ni da nake shiga aji kullum na fi kowa jin ciwonsa. Inda muka rabu shi ne maganin. Yaron da ya wuni a aji ana rubuta baƙi a allo yana maimaitawa bai fahimta ba, idan aka dawo da shi da yamma aka sake zaunar da shi a gaban wani allon ana yi masa irin abin da aka yi da safe, gajiya kawai za a ƙara masa.

Bari in ba da labarin abin da na gani da idona. Akwai wata yarinya a ajina wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, kuma duk ranar da na ce ta karanta sai ta kifa kai a kan benci. Da za mu yi bikin ƙarshen zango na rubuta ɗan gajeren wasa daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, na ce duk mai son fitowa sai ya karanta maganarsa daga takarda. Ita ce ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce tana so ta zama Ƙoƙi. Na ba ta takardar ba tare da na sa rai ba. Bayan kwana 3 ta dawo da ita a ninke, duk man awarar da take talla ya ɓata gefenta, ta ja layi da biro a ƙarƙashin kalmomin da suka gagare ta, ta nuna mini ɗaya ta ce, Malama, wannan mai lanƙwasa a ka, yaya ake faɗinsa? Harafin ƙ take nufi. Shekararta 4 a makaranta ba ta taɓa tambayar kowa sunan harafi ba sai ranar, saboda ranar ce karatu ya zama abin da take bukata domin ta samu abin da ranta yake so. Wannan shi ne lesin ɗin da nake roƙo a yi a ɗakin.

Ma'aji:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, labarin ya taɓa ni. Amma yarinya ɗaya kika kawo, kuma ta yi dace ne da malama irinki. Sauran da ba su nemi zama Ƙoƙi ba fa?

Tela mai ɗinkin hannu:
Alhaji, ka yi mini izini in shiga, domin akwai inda nake ganin an raba abin da ba ya rabuwa. Ka ce a bar zane a koyi sana'a, ni kuwa sana'ata da zane take farawa. A Zariya na koyi aiki, kuma kafin allura ta taɓa shadda sai mai zane ya shimfiɗa ta ya fitar da aska takwas ko aska biyu, ya zana tambari a baya, sannan mu bi sawunsa da zare. Kuɗinsa daban ake ba shi, kuma idan hannunsa ya karkace, aikin watanni ya lalace ko da mai ɗinkin gwani ne. Yau masu wannan hannun sun yi ƙaranci, har mutum yakan yi mako yana jiran layi. A Pantekar da ka ambata ma, je ka tsaya wurin masu ƙera get da tagogi, za ka tarar sun fara zana furen da alli a ƙasa kafin su lanƙwasa rodi, kuma wanda zanensa ya fi kyau shi ake kai wa aikin manyan gidaje. Kai ma shaida ne cewa atamfar da kuka riƙa bugawa a Kakuri akwai waɗanda aikinsu kenan su zauna su fitar da adonta. Idan yaro ya saba da fensir yana ɗan shekara 10, ranar da za a kai shi wurin ubangida ya riga ya yi rabin tafiya.

Malamin Islamiyya:
Jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ni damuwata ta sha bamban da ta Alhaji, kuma gara in faɗe ta yanzu da a fara sannan a zo ana ƙorafi. Iyaye da yawa a unguwar nan idan suka ji an ce wasan kwaikwayo da waƙa, abin da ke zuwa musu a rai shi ne cuɗanyar samari da 'yan mata da raye-rayen da ake gani a waya, kuma suna da haƙƙin su ji tsoro. Amma ba zan ce fasaha baƙuwa ce a cikin karatunmu ba. Allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani zane ne mai ƙa'ida da launuka, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi cikin Fulatanci da Hausa da Larabci ta karantar da mata, malamai mata da ake kira jaji suna ɗaukar su zuwa ƙauyuka ana haddacewa. Abin da aka rera ya fi zama a ƙwaƙwalwar yaro, kuma mu ma da haka muke koyar da tauhidi da sira.

Don haka ina goyon bayan matasan nan da sharaɗi. Kada lokacin ya ci karo da na Islamiyya, wato a ɗauki yammacin Alhamis da Juma'a da ba mu da karatu. Waɗanda suka fara girma a raba maza da mata, mace ta koyar da mata. A tashi kafin magariba. Kuma duk wasan da za a nuna wa jama'a a kawo rubutunsa wani babba ya duba tukuna. Maganar kalangu da sauran kayan kiɗa kuwa, ban yarda a shigo da su ɗakin da ke jikin masallaci ba.

Matashi, mai magana da yawun waɗanda suka kawo takarda:
Iyayena, na gode da kuka saurare mu. Malam, mun karɓi sharuɗɗan lokaci da rabuwa da duba rubutu, batun kiɗa kuma ina roƙon a bar shi zuwa zama na gaba domin 'yan'uwana suna da abin faɗa.

Baba Alhaji, abin da ya tunzura mu shi ne wannan: jihar nan tana cikin wuraren da suka fi ko'ina tarihin fasaha a Najeriya, amma yaran Rigasa kamar ba da su aka yi ba. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, sunansu ya samo asali ne daga ƙauyen Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba, kuma akwai irinsu a gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu. Na tambayi yaran layinmu, ban samu wanda ya taɓa shiga ba, haka nan Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna. A Zariya ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya zanen zamani a ƙasar nan, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A wannan jami'ar aka riƙa fita da ɗalibai zuwa Samaru da ƙauyukan kewaye ana shirya wasa da Hausa tare da mutanen gari a kan matsalolinsu. A nan cikin garin Kaduna aka yi hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, kuma daga gidan rediyo da talabijin na Kaduna ne marigayi Usman Baba Pategi ya shiga gidajen Arewa da sunan Samanja. A 2017 aka fara bikin littattafai da fasaha na Kaduna, amma wanda ya je zai gaya muku cewa ba 'ya'yan irin unguwanninmu ne suka cika kujerun ba. Kuɗin mota da rashin wanda zai kai su ne suka tsare su, ba rashin basira ba.

Ma'aji:
Ɗana, na ji sunayen da ka jero kuma ban raina ko ɗaya ba. Sai dai ka lura cewa duk waɗannan masu zanen sai da suka iya karatu suka ci jarrabawa kafin su taka ƙofar kwalejin Zariya. Hujjarka tana ƙarfafa tawa ne. Tela ya fi ka kusa da shawo kaina, domin shi ya nuna mini inda fensir yake zama tuwo.

Wata uwa:
Assalamu alaikum. Ni ba ni da ilimin da zan ja da malamai, amma 'ya'ya 6 nake da su a layin nan, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Lokacin da muke yara akwai dandali, mu mata muna gaɗa, maza suna langa, idan azumi ya kai kwana 10 a fara tashe gida-gida, da dare kaka ta tara mu ta ce ga ta nan ga ta nanku. A nan muka koyi magana a gaban mutane, muka koyi karin magana da kunya da jiran layi. Yanzu filayen duk an gine su, tsoro ya hana yara fita da dare, kuma tun da makarantun gwamnati suka koma kwana 4 a mako a 2022, ranar Juma'a yaro ya tashi ba shi da wurin zuwa sai bakin kwata ko wurin masu waya. Daga nan ne 'yan sara-suka da masu shaye-shaye suke ɗibar mana 'ya'ya. Alhaji, ɗana na biyu ya bar lesin har sau 2 bayan na biya kuɗi, amma bai taɓa makara a wurin ƙwallo ba. Ina so a samu abin da zai ja shi da ƙafarsa zuwa wurin da akwai babba mai sa ido.

Tsorona ɗaya ne, kuma da ku matasa nake. Shekarun baya wata ƙungiya ta zo unguwar nan da farar mota, ta raba wa yara riguna da fenti, aka ɗauki hotuna, bayan wata 3 ba mu sake ganin kowa ba. 'Yata ta yi makonni tana ɗaukar jakarta tana zuwa bakin wurin tana dawowa. Idan kun san hidimar ƙasa ko neman aiki zai ɗauke ku bayan sallah, ku faɗa mana tun yanzu, domin ɗaukar yaro a sake shi ya fi rashin farawa ciwo.

Matashi:
Mama, maganarki ta shiga. Mu 5 ne, 2 daga cikinmu suna da shago a nan layin kuma ba inda za su. Za mu rubuta sunayenmu da ranakun kowa mu ba Shugaba, kuma duk wanda zai yi tafiya sai ya kawo madadinsa an gan shi.

Malamar firamare:
Baba Alhaji, tambayarka game da sauran yaran tana nan a raina, kuma ba ni da amsar da ta wuce a gwada. Ina ba da shawarar cewa kowane zama ya ƙunshi rubutu: mai zane ya rubuta sunan abin da ya zana da jimla 2 a ƙasa, mai wasa ya karanta maganarsa daga takarda, mai tatsuniya ya je wurin kakarsa ya ji sannan ya rubuto da hannunsa. Ranar farko zan zo in gwada karatun kowane yaro in ajiye sakamakon a hannunka, bayan wata 6 kai da kanka ka zaɓi takardar da za su karanta.

Ma'aji:
Na yarda da gwajin, amma ban janye ra'ayina ba, kuma ranar ƙuri'a lesin zan zaɓa. Idan jama'a suka rinjaye ni zan fitar da kuɗin takarda da fensir da tabarmi, da rasit, ban da fenti mai tsada har sai an ga sakamako. Sauran ranakun mako kuma ina neman a bar mini ɗakin domin lesin ɗin lissafi, jikana ne zai fara zama a benci.

Shugaban ƙungiya:
Madalla. Za a kaɗa ƙuri'a ranar Lahadi bayan la'asar a cikin ɗakin, kuma mata su zo da wuri domin za a fara da nasu ra'ayin. Malam da matasa su zauna kafin ranar a kan batun kiɗa, su zo mana da magana ɗaya. Tela, idan da hali ka taho da riga guda wadda aka zana ba a fara ɗinkawa ba, iyaye su gani.