Ƙamshin benzil asitet ya gudu daga sabuluna, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 3 ke nan ina haɗa sabulu, tun da na ajiye aiki domin jinyar mahaifiyata, kuma ban taɓa shiga damuwa irin wannan ba. Na sayi benzil asitet, mai ƙamshin furen yasmin, na zuba a haɗin, ɗaki ya gauraye da ƙamshi har sai da na buɗe taga. Bayan mako 4 na ɗauki guda na kai hanci, ban ji komai ba sai warin mai. Ina na kuskure? Sannan ragowar kwalbar, ko zan iya sawa a alewa, tunda ana sa shi a abinci?

Wani malami: Wa alaikumus salam. Hajiya, ba ki faɗi lokacin da kika zuba ba, alhali nan gizo yake saƙar. Benzil asitet esta ne, wato sinadarin da ake samu daga haɗin alkohol da asid, a nan benzil alkohol da asid ɗin da ke cikin ruwan khal. Aikin sodar haɗa sabulu (kostik soda) kuwa raba esta, da haka ma take sa mai ya zama sabulu, domin shi ma man esta ne. Idan ta same shi da sauran ƙarfinta sai ta raba shi gida biyu, kuma babu mai ƙamshin yasmin a cikinsu. Ki dafa sabulun ya nuna, ya ɗan huce, sannan ki zuba.

Wata 'yar'uwa: Ni dai masu sayarwa nake zargi. Bara aka sayar mini da tsinkakken turare, da na koma mutumin ya rantse bai taɓa ganina ba, har yau abin yana ci mini rai. Yaya, ki haɗa da benzil benzowet, yana riƙe ƙamshi.

Malamin: Shi ma esta ne, soda ba za ta ƙyale shi ba. Batun alewa kuwa, kada ki kuskura, sai idan takardar kwalbar ta nuna na abinci ne, kuma ko shi ƙanƙani ƙwarai ake sawa.

Mai tambaya: Na gode Malam, amma dafaffen sabulu ba ya santsi, masu saye ba za su karɓa ba. A ƙarshe nake zubawa, bayan haɗin ya yi kauri, haka aka koya mini. Rubutun kwalbar kuma ya goge.

Malamin: Kauri ba alamar soda ta gama aiki ba ne, tana ci gaba har kwana 1 zuwa 2 a cikin mazubi.

Mai tambaya: To, zan ninka adadin in sake gwadawa. Akwai wadda ta taɓa ninkawa?