BMW Z4 tana dukan baya a gargada, ina matsalar take?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masana gyaran ƙafar mota. Ina da BMW Z4 ƙirar 2005, mai rufin da ake naɗewa, 'yar Beljiyam ce na saya. Inji lafiya lau, a kwalta mai santsi ba ta da abin cewa. Amma da zarar ta taka ɗan rami ko tudun rage gudu, sai ka ji duka har cikin ƙashin bayanka, ta bayan motar ya fi tsanani. Na san motar tsere ba ta da laushin Camry, amma wannan ya wuce misali.

Bakanike ya canza shokazoba na baya, bambancin kaɗan ne. Mai faci ya sa iska daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Abin da nake zargi shi ne tayoyin. Rim inci 18 ne, lambar girman tayoyin baya 255/35 ce, kuma irin tayar nan ce mai tafiya ko ta yi faci, gefenta tauri ne da shi. Idan na koma taya ta gargajiya za ta yi laushi? Damuwata, motar ba ta da safaya.

Wani kuma ya ce sifirin ɗin baya kan karye ta ƙasa ba tare da an lura ba. Ta yaya zan gane, sai an ɗaga ta? Wanne zan fara dubawa kafin in sake zuba kuɗi? Allah ya saka da alheri.