Haɗin ƙarin numfashi: yana aiki ko zumar ciki ce kawai?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Masu tambayata me ya sa na daina haki a zagayen Filin Sukuwa, to ga sirrin. Haɗi ne na samo wajen wani dattijo a Kasuwar Kurmi: garin zogale, habbatus sauda, citta, kanumfari, zuma, da wata saiwa da ya ce sirrin gidansu ce. Cokali biyu kafin a fita. Duk wanda ya riƙe shi zai buga minti 90 bai ɗaga hannu a canja shi ba. Ya fi 'yan ledojin nan na Turawa da masu gudun famfalaki ke tsotsa, ga shi da araha.

Gola: Kai da kake kama ƙugu tun kafin a je hutun rabin lokaci? Allah mai iko.

Ɗan Fagge: Da kenan. Ka zo ranar Asabar ka gani da idonka.

Koci: Wa alaikumus salam. Na ga canjin, ba zan musa ba. Amma ni ke riƙe da littafin masu zuwa. Da sai ka ga dama kake leƙo mu, tun bayan babbar Sallah kuwa ba ka fashi, har Goron Dutse kake bin yara hawa. Ga sanyi ya shigo, gudun asuba a hunturu ba ɗaya yake da na watan Afrilu ba, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Ka yi atisaye, yanayi ya taimake ka, sannan ka ɗauki ladan duka ka ba kwalba.

Anti Nas: Ni saiwar nan ce ta tsaya min a rai. Ƙanena, abin da ba ka san sunansa ba kake ɗura wa cikinka, sannan ka fita ka yi gumi na awa guda? Ƙoda ita ke tace duk abin da ka sha, kuma lokacin da jiki ya bushe ta fi shan wahala. A asibiti idan aka kawo matashi ƙafa a kumbure, fitsari ya ragu, tambayar farko da muke yi ita ce me yake sha. Sau da yawa amsar ba ta wuce "wani haɗi ne aka ba ni".

Baba Alhaji: Ku 'yan boko kun fiye raina abin gida. Kakanninmu fatake a ƙafa suke tashi daga Kano har Gwanja sayo goro, wata da watanni a hanya da jakuna. Wace leda suka tsotsa? 'Yan damben da muka kalla muna yara, da 'yan kokawa, kowa da jiƙonsa da dauri, kuma a rana tsaka ake karawa. Kafin a haifi kemis akwai ƙarfi a ƙasar nan.

Koci: Allah ya ƙara girma Baba, ai maganarku ni take goya wa baya. Me ke cikin jakar bafatake? Gumba, dakuwa, ƙuli-ƙuli, kilishi, goran ruwa. Abinci ne. Kuma mutumin da ya tashi yana tafiyar ƙasa tun yana yaro ai atisayensa ya riga ya yi.

Baba Alhaji: Goron fa? Shi ma abinci ne?

Ɗalibi: Baba, a nan kam kun kama mu. Goro yana aiki, kuma an san dalili. Akwai sinadarin kafeyin a cikinsa, irin na kofi da shayi, wanda ke rage wa mutum jin gajiya. Cikin duk abubuwan da ake cewa suna ƙara juriya, kaɗan ne aka gwada aka sake gwadawa kamarsa. Abin da ake koya mana a Jami'ar Bayero shi ne miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin mutum, kamar awa guda kafin wasa. Mai kilo 65 ke nan wajen miligiram 200 ya ishe shi. Hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ma ta cire shi daga jerin haramtattu tun 2004. Matsalar goro ita ce ba ka san nawa ke cikin wanda ka ɓara ba, wani ya fi wani ƙarfi. Idan ya yi yawa kuma sai bugun zuciya da rawar hannu, dare ya yi ido ya bushe.

Amma bari in koma kan haɗin Yaya Ɗan Fagge. Ni ban ce ba ya jin komai ba. Cokalin cin abinci ɗaya na zuma yana da sukari kusan giram 17. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, ajiyar nan kuma ba ta wuce ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana gudu da ƙarfi. Mu kuma yawancinmu daga sallar asuba muke wucewa fili, ciki babu komai tun tuwon dare. Duk wanda ya lashi zuma cokali biyu a wannan halin dole ya ji bambanci. Kamar Adaidaita Sahu ne da ke tafiya a kan rizab, aka zuba masa lita guda, sai direban ya ce layar da ya rataya a madubi ce ta tashe shi.

Ɗan Fagge: Wato ni ne direban.

Gola: Kai ne Adaidaitar.

Ustaz: A yi hattara dai da harshe. Habbatus sauda tana cikin haɗin, kuma hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa waraka ce daga kowace cuta in ban da mutuwa. Kada garin musu a faɗa abin da bai dace ba.

Anti Nas: Allah ya gafarta Malam, babu mai ja da wannan, ni ma akwai ta a ɗakina. Sai dai gajiyar minti na 70 ba cuta ba ce, jiki ne ke neman ruwa da abinci. Kuma hadisin bai ambaci saiwar da aka ɓoye sunanta ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu masu talla da lasifika ke jingina kayansu da habbatus sauda don kada a yi musu tambaya.

Ustaz: Wannan kuma gaskiya ne. Ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne.

Gola: Baba, kun tuna wasanmu da Ajantina a Amurka, 1994? Siasia ya fara ci, Caniggia ya rama biyu. Ana tashi wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙo hannun Maradona zuwa gwajin fitsari, daga nan bai sake buga wa ƙasarsa ba. Wata 15 aka dakatar da shi.

Baba Alhaji: Na tuna mana, da dare muka kalla. Amma ai wannan ƙwaya ya sha.

Mai Kemis: Baba, abin da aka samu a jikinsa efedirin ne, asalinsa kuma daga wani tsiro yake da mutanen Sin suka daɗe suna magani da shi. An yi ta zuba tsiron a kayan rage ƙiba da ƙara kuzari ana cewa ai ganye ne, har wani ɗan wasa a Amurka, Steve Bechler, ya faɗi a wajen atisaye ya rasu a 2003, shekarar da ta biyo baya gwamnatinsu ta hana sayar da shi. Don haka "ganye ne kawai" ba hujja ba ce. Zaƙami ma ganye ne.

Ga na kusa-kusa. Pogba an same shi da haramtaccen sinadari a 2023 yana Juventus, aka yanke masa shekara huɗu, kotun wasanni ta rage zuwa wata 18. Ya ce wani abin ƙarin lafiya ne likita ya ba shi. Dokar ba ta tambayar ko ka sani, abin da aka gani a fitsarinka naka ne. Akwai kuma binciken da kwamitin Olamfik na duniya ya ɗauki nauyi a birnin Kolon na Jamus farkon shekarun 2000: aka sayo irin waɗannan kaya 634 daga ƙasashe 13, kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jikin kwalbar ba.

Ɗan Fagge: To ai ka gama min aiki, Oga. Duk waɗanda ka lissafa kayan kamfanin Turawa ne, masu leda da hatimi. Nawa a gabana aka daka zogalen. Wanne ya fi aminci?

Mai Kemis: Zogalen aka daka a gabanka. Saiwar fa, gari aka ɗebo daga gwangwani ko kuwa? Ba na zargin dattijonka, ban san shi ba, kuma akwai masu maganin gargajiya na kirki da suka gaji sana'ar, ba sa haɗa ta da komai. Amma ina cikin harkar magani, na san akwai masu niƙa ƙwayar asibiti su zuba a gari. Wanda aka fi yi da shi shi ne wanda ake kira sha-ka-fashe, da maganin ciwon jiki irin su diclofenac. Mutum ya sha, ciwon gwiwa ya ɗauke, cin abinci ya buɗe, ya ce haɗi ya karɓe shi. Bayan 'yan watanni fuska ta yi suntum, sukari da hawan jini su taso, ko gyambon ciki. Mafi muni masu zuba tramadol, wanda WADA ta haramta a lokacin gasa tun farkon 2024. Shi ba ya ƙara ƙarfi, toshe jin zafi yake yi, sai ka yi ta gudu a kan raunin da ya kamata ya zaunar da kai.

Ko mai lambar NAFDAC ma ku riƙa karantawa. Yawancin na gargajiya lambarsu da harafin L take ƙarewa, kuma za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke jiki ba. Ma'ana an duba ba zai cutar nan take ba, ba a ce yana yin abin da aka ce yana yi ba.

Baba Alhaji: Maganin zazzaɓin da kake sayarwa a shagonka daga ina ya fito? Ba daga wani ganye dangin tazargade ba? Har kyautar Nobel aka ba matar da ta gano shi a 2015. Da ku ne a lokacin da kun ce camfi ne.

Ɗalibi: Haka ne ranka ya daɗe. Amma ita ta faɗi sunan ganyen, aka auna, aka gwada a kan dubban mutane. Abin da muke roƙo ke nan a yi wa zogale da sauransu. Zogale abinci ne mai kyau, akwai sinadarin ƙarfe da na gina jiki a ganyensa. Wanda jininsa ya yi ƙasa saboda zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki, idan ya gyara cin abinci jinin ya dawo, numfashinsa zai ƙaru sosai. Wanda jininsa ke daidai kuwa, ƙarin zogale ba zai mayar da shi Kipchoge, gwarzon gudun famfalaki na Kenya, ba. Su 'yan Kenya tuwon masara suke ci da ganye da shayi mai madara da sukari, amma a Iten suke atisaye, tudun da ya kai mita 2,400. Ko a nan gida ai 'yan Filato ne ke cinye dogon gudu.

Maman Hanif: Ni duk wannan ya yi min nisa. Yarona yana ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 15, yana zuwa filin wasa na Kofar Mata da yamma. Me zan sa masa a jaka?

Koci: Hajiya, mai sauƙi ne. Ya ci abincinsa na rana awa uku kafin wasa, shinkafa ko dankali ko taliya, kada mai ya yi yawa. A jaka ki sa ayaba ɗaya ko biyu, dabino kamar bakwai, da ruwa mai yawa. Wasan da bai kai awa guda ba ruwa kaɗai ya isa. Idan ya wuce haka ana so a samu sukari giram 30 zuwa 60 a kowace awa, ayaba matsakaiciya tana da wajen 25, kusan daidai da ledar Turawan da ake magana. Ranar da ake zafi sosai ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dakuwa da kantu da ƙuli-ƙuli a bar su sai an tashi, mai ne da su, suna daɗewa a ciki, yaro ya yi ta jin suka a haƙarƙari. Bayan wasa babu kamar fura da nono. Kunun aya kuma in ba a cikin ƙanƙara yake ba kada ki ba shi, kafin la'asar ya yi tsami. Goro da lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari ba na yara ba ne. Kuma kada a gwada sabon abu ranar gasa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Fagge: Duk na ji, amma har yanzu babu wanda ya sha nawa a cikinku. A gwada mana.

Ɗalibi: Na yarda, amma da sharaɗi. Maman Hanif ta haɗa kwalba biyu masu kala ɗaya, ɗaya haɗinka, ɗaya zuma da citta da ɗan garin kuka don launi. Ita kaɗai za ta san wacce ce wacce. Kana shan wadda aka miƙo maka, Koci yana riƙe da agogo, zagaye iri ɗaya, lokaci iri ɗaya, a yi ta musanyawa har wata guda.

Anti Nas: Ban amince ba sai an san sunan saiwar, kuma sai na auna jininsa tukuna. Yara kuma ko ɗanɗane.

Baba Alhaji: Wannan ku bar min. Ni zan shiga Kurmi da kaina, yaro ne ba za a faɗa wa ba. In ya gaya min na san ta, zan faɗa muku. In ya ƙi, to ni ma na janye.

Maman Hanif: Zumar wa zai saya? Don ni ba zan karɓi ta bakin titi ba, rabinta dafaffen sukari ne.

Gola: Mai haɗi shi zai saya. Tasa ma a fara dubawa.