"Casualisation": wucin gadi ko leburantarwa?

1/ Jama'a, a kawo ɗauki. Daren jiya a majalisarmu ta Agege mun sha gardama kan kalmar casualisation, wadda ba ta barin bakin shugabannin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, duk ranar da suka tare ƙofar wata masana'anta a Ikeja ko Apapa. Yaranmu da ke aiki can "kazuwal" kawai suke cewa.

2/ Ga abin da ake nufi. Aikin na kullum ne, inji ba ya hutawa, amma mai tsaye a kansa sai ya shekara biyar ba takardar ɗauka, ba fansho, ba hutun shekara, ba damar shiga ƙungiya. Sau da yawa ma ta hannun ɗan kwangila aka kawo shi, kamfani ya ce bai san da zamansa ba. Ranar da ya ɗaga murya kan albashi, washegari mai gadi ne zai sallame shi tun daga bakin get.

3/ A labarai an saba jin "aikin wucin gadi". Ban gamsu ba. Wucin gadi abu ne da za a lallaɓa da shi kafin na gaske ya zo. Wane irin wucin gadi ne ake furfura a cikinsa? Kuma kalmar ta ɓoye mai laifin, kamar haka Allah ya yi aikin.

4/ Wani dattijonmu ya ce jinga. Na ce Baba, a gafarce ni, ɗan jinga ya fi wannan 'yanci: an yi ciniki, ya gama, ya karɓi kuɗinsa, ya ƙara gaba. "Ƙwadago" kuwa, da ita ce daidai, don asalinta aikin lada ne na yini, to amma ƙungiyoyi sun riga sun tafi da ita.

5/ Tawa shawarar: leburantarwa. Yadda muke cewa siyasantar da magana ko zamanantar da noma, haka za mu ce kamfani ya leburantar da ma'aikatansa.

6/ Nan take wani ƙanena da ke ƙirga kuɗi a banki ya murtuke fuska, wai Yaya, shi da kwat da laƙataye za a kira lebura? Na ce ɗauko katin aikinka mu ga sunan wa ke kai. Ba na bankin ba ne.

7/ Dalilin nacina: sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin shiga ƙungiya, ga kotun ma'aikata nan a Ikoyi. Wanda aka ce masa aikinsa wucin gadi ne haƙuri zai yi ta yi. Wanda ya san leburantar da shi aka yi zai tambayi takardarsa.

8/ Baba dai har muka tashi yana cewa kalmar ta yi wa harshensa nauyi. Mai wadda ta fi ta sauƙi ya ajiye mana a ƙasa, ranar Juma'a zan kai majalisa.