Wani abu yana cinye mana awaki da dare, kura ce ko dila?

Ɗan Gefen Falgore:

Assalamu alaikum. Unguwarmu tana ƙasar Tudun Wada, ba nisa da bakin Dajin Falgore. Tun da aka kawar da amfanin gona wani abu yake shigo mana da dare. Cikin mako uku an yi asarar awaki huɗu da tunkiya ɗaya a gidaje uku, duk dangar kara ce, dabbobin kuma a turke. Dattawa sun ce kura ce, samari sun ce dila, wani kuma ya turo bidiyon wata ƙatuwar kyanwa a WhatsApp ya ce ita ce, ga shi nan na sa muku. Yanzu an fara maganar a barbaɗa wa mushe maganin ƙwari a ajiye mata a bayan gari. Don Allah masana, yaya ake gane mai ɓarnar? Wane shinge ne zai tare ta wanda talaka zai iya? Yara masu kiwo fa?

Tsohon Malamin Daji:

Wa alaikumus salam. Malam, a dakata da maganar guba, a dakata da sayen wayar shinge ma, sai an san da wa ake faɗa. Bidiyon nan puma ce, dabbar nahiyar Amurka, daga Kanada har kudancin Ajantina. Babu ita a dajin Afirka. Ku dubi dusar ƙanƙarar da take takawa, yaushe aka yi ta a Falgore?

Ga abin yi yau ɗin nan. Da magariba, bayan an shigar da dabbobi, a share ƙasa kewaye da garken faɗin taku biyu, a tankaɗe toka ko lallausan rairayi a baza, a hana yara da kaji takawa. A duba da asuba kafin iskar hunturu ta taso ta shafe. In an ga sawu, a ajiye kwalin ashana a gefensa a ɗauki hoto, don hoton sawu ba ma'auni ba ya gaya wa kowa komai.

Sawun kura ya kai tsawon kwalin ashana biyu. Farce yana fitowa a dakushe, yatsun a lanƙwashe suna manne da juna, kuma ƙafar gaba ta fi ta baya girma ƙarara. Wannan bambancin na gaba da baya shi ne babbar shaida. Na dila kwali ɗaya ne, siriri. Na kare yana tsakani. Dangin kyanwa, daga damisa har kyanwar daji, sawunsu a zagaye yake kuma ba farce, don a noƙe suke tafiya da shi.

Sai gawar. Kura ba ta barin akuya a inda ta kama ta. Za ka ga jan jiki a ƙasa ya nufi daji, in ka bi sai ka tarar da ƙaho da kofato da ɗan abin cikin tumbi, ƙashi kuwa ta murƙushe. Shi ya sa kashinta in ya bushe yake fari kamar alli. Dila ba ya iya ɗaukar babbar akuya, ƙarfinsa a kan 'yan awaki yake da kaji da tunkiyar da ke naƙuda, kuma ta kwiɓi yake farkewa ya ci hanta da kayan ciki. Karnuka aikinsu ƙazami ne: cizo a cinya, a hantsa, a kunne, dabba biyu ko uku sun ji rauni a dare ɗaya, naman da aka ci kaɗan. Damisa huda huɗu take yi a maƙogwaro ko ƙeya, ta tsallake shinge da abin da ta kama, amma ita yanzu ganinta a wannan yanki abin labari ne.

Kada kuma a manta da kura mai ƙafa biyu. Igiya a yanke lumui ko a kwance, ba jini, ba a ji kukan akuya ba, to wannan a kasuwa ake neman sawunsa. A ganina mafi yawan abin da ake ɗora wa kura a ƙasar Kano yau, aikin karnuka ne da ɓarayi. Sunanta ne ya riga ya ɓaci.

Mai Aikin Shinge daga Rano:

Baba Malamin Daji ya yi gaskiya, amma ko wace ce daga cikinsu, akuya a turke bayan dangar kara tamkar an ɗaure mata abinci ne. Ba ta iya gudu, danga kuma kare ma da ƙirji yake ratsa ta.

In da hali, ga lissafin garken awaki 12. Faɗi ƙafa 15, tsawo ƙafa 15, kewaye ya zama ƙafa 60. Dirka ɗaya kowace ƙafa 5, wato 12, da ƙarin ɗaya ta ƙofa. Kowace dirka ƙafa 8: biyu a ƙasa, shida a sama. A babbake gindinta a wuta a shafa baƙin mai, in ba haka ba gara za ta cinye ta, ka zo ka jingina ta bi ka. Waya a sayi mai kauri, mai ido inci biyu. Ragar kaji ba ta wannan aikin, kare da haƙori yake yaga ta, awaki ma da susa kaɗai za su saki mata jiki. In idon ya fi haka faɗi, ɗan akuya zai zura kai ya maƙale, a cinye shi daga waje. A ja zare uku na waya mai ƙarfi, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗaure ragar a kansu.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne ƙasa. Kura da kare da dila duk masu tono ne, ba masu hawa ba. A yanki wata ragar mai faɗin ƙafa biyu a shimfiɗa a ƙasa ta waje, a ɗinke ta da gindin shingen, a rufe da ƙasa kamar taƙi ɗaya, a jera duwatsu. Dabba tana zuwa gindin shinge take fara tono, sai ta ci karo da waya, ba ta da dabarar ja da baya ta faro daga nesa. Sai ƙofa. Shinge mai kyau da ƙofar tsohon kwano da aka tokare da turmi, aikin banza ne. A yi mata madogara, a binne gungume ko bulo a ƙarƙashinta, kada ratar ta wuce yatsu uku, a sa sakata biyu, sama da ƙasa.

A kuma lulluɓe ragar da zana daga ƙasa zuwa ƙugu. Sau da yawa ba shiga ake yi ba, dabbobin ne ke hango abu su firgita su taru su banke shingen da kansu.

Wanda ba shi da kuɗin waya ya yi na ƙaya: magarya ko sarƙaƙiya, kaurinsa taku biyu, tsayinsa ya wuce kan mutum, gindin reshen yana ciki, kan yana kallon waje, don kada a samu abin kamawa a ja. Amma ƙaya tana zaunawa, bayan wata uku ko huɗu sai an ƙara. Kuma ba a cikin gandun za a saro ba, kada a gudu daga kura a faɗa hannun ma'aikatan daji. Na dogon zango shi ne itacen dashi: a sari rassa masu kaurin damtse a ƙarshen bazara, a bar su kwana biyu su sha iska, a kafa a jere. Ruwa na sauka za su kama, dirka mai rai kuwa ta fi ƙarfin gara.

Tsohon ɗakin ƙasa mai ƙofa ya fi duk waɗannan, in an huda masa tagogi a sama ana kuma share kashin. In an toshe shi ruf, zaurin fitsari zai jawo musu tari.

Malamar Dabbobi, Haɗeja:

Yayana mai tambaya, don girman Allah ka hana maganar gubar nan. Wanda aka sa wa ba lallai ne ya fara zuwa ba. Ungulu ce za ta sauka, da shirwa, da karen maƙwabci, kaji su tsattsagi tsutsar, ruwan farko kuma ya wanke saura zuwa kududdufin da ake ban ruwa. Ungulun da muka saba gani a mayanka tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya tun 2015. A Indiya da ungulaye suka mutu a shekarun 1990 saboda wani maganin shanu, mushe ya riƙa daɗewa a fili, karnukan sake suka yawaita. Wato guba ƙaro maka mai ɓarnar take yi.

Abin da ke kiran su gari shi ne wari. Mushe a binne shi, zurfin ya kai ƙirjin mutum, a danne da duwatsu da ƙaya. Mabiyiyar akuya kada a jefa bayan danga. Tarkacen mahauta da ƙashin da ake zubarwa a juji, a haƙa musu rami. Akuyar da ta kusa haihuwa da 'ya'yan da ba su kai wata uku ba su kwana a ɗaki.

Abin da ya fi damuna ma ba awakin ba ne, haukan kare ne. Dila da kura da kare duk suna ɗaukarsa. Dabbar daji da ta shigo gari da rana tsaka ba ta tsoron kowa, ko tana tangaɗi tana dalala, kada yara su bi ta da jifa. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa minti 15 cur, a duba agogo, don mutane minti biyu suke yi su ce ya isa. Kada a ɗaure, kada a tura garin magani a ciki. A tafi asibiti ranar, a fara allura, a kuma cika sauran a ranakun da aka rubuta, galibi rana ta 3 da ta 7 da ta 14. Ciwon yakan yi wata biyu ko uku a ɓoye, in ya bayyana kuwa kusan ba a tashi. Akuyar da aka yaga ta rayu, a wanke mata raunin da leda a hannu, a ware ta, a kira malamin dabbobi, kada a yi saurin yankawa a raba. Karnukan gida a yi musu rigakafi daga wata uku, a maimaita duk shekara.

Jikan Maharba:

Hajiya Malama, Allah ya saka. Ƙari biyu. Fitilar sola da ke kunne wuri ɗaya har safe ba ta korar komai, haska wa ɓarawo hanya ma take yi. Mai walƙiya ce ke aiki, irin dabarar da wani yaro makiyayi ya ƙirƙiro a Kenya, kusa da Nairobi, saboda zakuna: ƙananan fitilu suna kallon waje suna kamawa bi da bi, kamar mutum na zagayawa da tocila. Ita ma a riƙa sauya mata wuri duk mako, in ba haka ba za a saba da ita. Kare kuwa ƙararrawa ne, ba soja ba. Ka ɗaure shi shi kaɗai a waje, kura za ta fara da shi.

Yara su fita kiwo bayan rana ta ɗaga, su dawo kafin ta faɗi, su biyu ko uku, da sanda. In an yi kiciɓis kada a gudu, kada a juya baya, kada a durƙusa. A tsaya a miƙe, a ɗaga sanda, a yi ihu, babba ya saɓi ƙarami, a ja da baya sannu a hankali, a bar mata hanyar fita. Haɗarin kura a kan mai barci yake, don haka ƙananan yara kada su kwana a ƙofar gida lokacin zafi. In ta tabbata kura ce, a gaya wa mai unguwa ya kai wa dagaci a sanar da ma'aikatan gandun daji, ba samari su ɗauki bindigar toka su shiga duhu suna harbin juna ba.

Ɗan Gefen Falgore:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. An baza tokar dare biyu. Sawun yana da farce, ya ɗan ɗara kwalin ashana ɗaya da rabi, kuma ba girma ɗaya ba ne, kamar iri uku. An yi tono a gindin danga wajen gabas. Na tambaya kuma, tunkiyar da aka rasa ba ɗauke ta aka yi ba, a cinya da hantsa aka yayyaga ta.

Tsohon Malamin Daji:

To Malam, karnuka ne, aƙalla uku. Ku bi sawun da safe, ina kyautata zaton ba daji zai nufa ba, wata unguwa zai kai ku ko jujin mahauta. Wannan maganar mai unguwa ce: kowa ya ɗaure karensa daga magariba zuwa asuba har mako biyu, a kuma ci gaba da baza toka. In sawun ya ɗauke, masu gida ne, an san wanda za a zauna da shi. In bai ɗauke ba, na sake ne, sai a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Wanda ya taɓa tunkiyar nan da ciwo a hannunsa ya je asibiti ya faɗa. Ramin gabas ɗin kuma a cike shi da dutse yau, ba ƙasa ba, don nan za su fara dawowa.